Romaniya Ta Baƙo da Romaniya Ta Masu Gida

 Makalar wannan mako za ta kai mu gabashin Turai, ƙasar Romaniya. In aka ambaci sunan ƙasar nan a gaban mafi yawan mutanen duniya, abu guda ke fara faɗo musu a rai: Dirakula, mataccen nan da ke tashi cikin dare yana tsotse jinin mutane. Shi ne a fina-finai, shi ne a jikin riguna da kofunan da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Wanda ya ƙirƙiro shi kuwa, Bram Stoker, mutumin Ailan ne. A Landan ya wallafa littafin a 1897, kuma har ya mutu bai taɓa taka ƙasar Romaniya ba. Daga littattafan ɗakin karatu ya tsinto sunaye da taswira. Wato ƙagaggen labari guda na wani baƙo ya zame wa al'umma mai mutum kusan miliyan 19 fuskar da duniya ta san ta da ita.

Wannan kaɗai ya isa ya sa mai riƙe da alƙalami ya tsaya ya yi tunani. Don haka za mu bi hanyar da mai ziyara ke bi, mu yada zango inda yake yadawa, amma a kowane zango mu tambaya: wa ya ba da labarin wurin nan, da wane harshe, kuma don wa?

Kafin mu kama hanya, mu riƙe taswirar a ka. Duwatsun Karfat sun ratsa ƙasar sun lanƙwashe kamar lauje. Cikin lanƙwasar akwai yankin Transilbaniya. Kudu da duwatsun akwai Walakiya, inda babban birni Bukarest yake, har zuwa kogin Danube. Gabas da su akwai Moldabiya. Sai wani ɗan yanki a gaɓar Bahar Aswad mai suna Dobrogea. Shekaru ɗaruruwa kowane yanki da masu mulkinsa, sai a ƙarni na 19 da na 20 suka haɗe suka zama ƙasa ɗaya.

FADAR BRAN DA MUTUMIN DA BAI ZAUNA CIKINTA BA

Motar 'yan yawon buɗe ido takan fara tsayawa ne a Bran, wata fada ta dutse da ke bisa tsauni kusa da birnin Brasov. Ita ake kira fadar Dirakula. Tarihinta na gaskiya bai kai haka ban tsoro ba. Mutanen Brasov ne suka gina ta bayan sarkin Hangari ya ba su izini a 1377, don ta tsare mashigin dutse kuma a riƙa karɓar kuɗin fito daga fatake masu ƙetarawa tsakanin Transilbaniya da Walakiya. A 1920 aka ba Sarauniya Mariya ta Romaniya ita, ta mayar da ita gidan hutu.

Mutumin da aka ari sunansa kuwa ya rayu da gaske. Shi ne Vlad, wanda ya mulki Walakiya sau uku, mafi tsawo daga 1456 zuwa 1462. Mahaifinsa ya shiga wata ƙungiyar mayaƙan Kirista mai tambarin dodo, don haka ake masa laƙabi da Dracul, ɗan kuma ya zama Dracula, wato ɗan Dracul. Mutanensa sun fi saninsa da Tepes, ma'ana mai tsire mutane, domin da tsirewa yake hukunta abokan gaba da masu laifi. Ya yaƙi Sarkin Musulmin Turkiyya Muhammadu na Biyu a 1462, kuma ya yi ta rigima da fataken Jamusawa mazauna Brasov da Sibiu a kan harkar ciniki.

A nan ne abin ya shafe mu. Lokacin injin ɗab'i sabo ne a Jamus. Labaran da ɓangaren fataken nan suka baza a kansa su aka buga a 'yan ƙananan littattafai masu zane, a birane irin su Nuremberg daga 1488, suka yi kasuwa. Ba wanke Vlad za mu yi ba, mugun mai mulki ne ko a ma'aunin zamaninsa. Sai dai hotonsa da ya shiga Turai maƙiyansa ne suka zana shi, bayan shekara ɗari huɗu kuma wani baƙon ya ɗauki sunan ya liƙa wa fatalwa. A gida kuwa akwai masu tuna shi a matsayin sarkin da ɓarawo bai sha da daɗi ba a zamaninsa, kuma takarda mafi tsufa da ta ambaci birnin Bukarest tasa ce, ta shekarar 1459.

INDA SUNAN YA SAMO ASALI

Daga Bran sai mu koma baya da nisa, zuwa tsaunukan Orastie da ke kudu maso yammacin Transilbaniya. A can akwai kufan Sarmizegetusa, hedikwatar wata tsohuwar al'umma da ake kira Dasiyawa. Mai ziyara zai ga ragowar ganuwa da da'irorin duwatsu inda suke bauta. Sarkinsu na ƙarshe, Decebal, ya gwabza da Sarkin Rum Trajan sau biyu, a 101 zuwa 102 da kuma 105 zuwa 106 miladiyya. Da aka ci birninsa, ya kashe kansa don kada a kai shi Rum a ɗaure.

Dasiyawa ba su bar littafi ko ɗaya ba. Harshensu ya ɓace, in ban da 'yan sunayen tsirrai da wurare da na mutane. Labarin yaƙin a wurin waɗanda suka ci nasara ake samunsa, musamman a jikin wani dogon ginshiƙi da aka kafa a birnin Rum a 113, wanda aka sassaƙa yaƙin a jikinsa daga ƙasa har sama. In ɗan Romaniya yana son ganin kamannin kakanninsa, sai ya je gidan tarihi na ƙasa a Bukarest ya kalli kwafin ginshiƙin da maƙiyansu suka sassaƙa.

Haka abin yake a gaɓar teku. A tsakiyar birnin Constanta akwai mutum-mutumin Ovid, mawaƙin Rum da aka kora zuwa can a shekara ta 8 miladiyya, lokacin garin na amsa sunan Tomis. A can ya mutu. Shi ne shahararren marubuci na farko da ya zauna a wannan ƙasa ya siffanta ta, kuma abin da ya cika waƙoƙinsa shi ne kukan sanyi da kewar gida da ƙorafi a kan mutanen wurin.

Rumawa sun janye sojojinsu wajen shekarar 271, amma harshensu na Latin ya zauna. Shi ne ya rikiɗe ya zama Romaniyanci, ɗan'uwan Italiyanci da Faransanci, duk da cewa maƙwabtan ƙasar harsunan Silab da Hangariyanci suke yi. Suna ce wa ruwa apa, madara lapte, ɗan'uwa frate, duk daga Latin. To amma bayan janyewar Rumawa an yi kusan shekara dubu da wuya a sami rubutun da ya yi bayanin masu wannan harshe. Wannan giɓi ya haifar da gardama tsakanin masana tarihin Romaniya da na Hangari: shin masu Romaniyanci sun ci gaba da zama a Transilbaniya tun zamanin Rum, ko daga baya suka ƙauro daga kudancin Danube? Gardamar ta fi ƙarfin aji, domin da ita aka yi ta kafa hujja lokacin da ake jayayyar wa zai mallaki yankin bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shirun da aka yi ba a rubuta ba, jikoki ne suka biya kuɗinsa.

BANGON DA KE KARANTAR DA JAMA'A

Mu nausa arewa maso gabas, Moldabiya. Sarkin da suka fi ji da shi shi ne Stefan Mai Girma, wanda ya yi mulki daga 1457 zuwa 1504, ya kuma ci rundunar Turkawa a Vaslui a 1475. Ya gina majami'u da gidajen masu zuhudu da yawa, cikinsu har da Voronet a 1488. Abin da ke kawo baƙi wurin shi ne zane. An zane bangon majami'ar ciki da waje, na wajen a 1547, da wani shuɗin fenti da har yau bai koɗe ba duk da ruwa da ƙanƙarar kusan shekara ɗari biyar. Akwai irinta a Humor da Moldovita da Sucevita.

Bangon nan littafi ne ga wanda bai iya karatu ba. A zamanin ana ibada da rubutun fada da tsohon harshen Silabonik, wanda manomi bai jin sa. Abin da ya kasa fahimta a bakin limamin coci, sai ya gani a bango. Masu zanen ma sukan saka damuwar zamaninsu. A Moldovita an zana wata tsohuwar ƙawanya da Farisawa suka yi wa birnin Kustantiniya a shekarar 626, amma maharan an sa musu tufafin Turkawa an ba su igwa, don kowa ya gane da wa ake.

Dangantakarsu da Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba tamu ta Sakkwato ba) ta wuce yaƙi kawai. Walakiya da Moldabiya sun riƙe sarakunansu da addininsu, suna biyan Santambul kuɗi duk shekara. Sunan kuɗin a Romaniyanci haraci, wato harajin nan da muka sani, kalmar da mu da su muka samo daga tushe guda na Larabci, su ta hannun Turkawa. Rigar da ake yafa wa wanda aka naɗa sarauta sunanta caftan, kaftaninmu ke nan. Baƙo kuwa musafir suke ce masa har gobe. A Brasov, cikin babbar majami'ar Jamusawa da ake kira Baƙar Majami'a tun bayan gobarar 1689, an rataye tsofaffin dardumomin Turkiyya sama da ɗari waɗanda fatake suka ba da kyauta, da yawansu masu zanen mihrabi. A Dobrogea kuma, wadda Turkawa suka mulka kai tsaye har 1878, akwai Musulmi Turkawa da Tatar, da masallacin Mangalia na ƙarni na 16, da babban masallacin Constanta da Sarki Carol na Ɗaya ya sa aka fara ginawa a 1910.

WASIƘAR ƊAN KASUWA

Yaushe masu gida suka fara magana a takarda da harshensu? Rubutun Romaniyanci mafi tsufa da ya tsira mai tabbataccen kwanan wata wasiƙa ce ta 1521. Wani ɗan kasuwa mai suna Neacsu, daga garin Campulung, ya rubuta wa shugaban birnin Brasov, Johannes Benkner, yana sanar da shi cewa Sarki Sulaiman na Turkiyya ya taso da runduna, jiragensa na haurawa kogin Danube. Ya roƙe shi ya riƙe maganar a sirri. Gaisuwar farko da ta ƙarshe da Silabonik ya yi su kamar yadda aka saba, amma da ya zo kan maganar da rai ya dogara a kanta, sai ya koma harshen da yake yi a gida. A watan Agusta na shekarar Turkawa suka ci Belgrade. Wasiƙar ta kwanta a ma'ajiyar takardun Brasov har 1894 kafin a gano ta.

A wannan birnin dai, a unguwar Schei, akwai ginin da ake kira makarantar Romaniyanci ta farko, yanzu gidan tarihi ne. Wajen 1560 wani ma'aikacin coci mai suna Coresi ya fara buga littattafan addini da Romaniyanci a Brasov. A 1688 aka buga cikakken Baibul da harshen a Bukarest. A Moldabiya kuma manyan fada irin su Grigore Ureche da Miron Costin suka zauna suka rubuta tarihin sarakunansu da harshen gida, kuma suka dage a kan cewa asalinsu daga Rum yake.

Akwai abu biyu na wannan zamani da ba kasafai jagoran baƙi ke faɗa ba. Na farko, a 1701 a Snagov, kusa da Bukarest, wani maɗaba'i ɗan asalin Jojiya mai suna Antim ya sassaƙa baƙaƙen Larabci ya buga littafin ibada da Girkanci da Larabci saboda Kiristocin Sham. Shugaban cocinsu, Atanasiyus Dabbas, ya koma da sana'ar Halab, inda ya buɗe maɗaba'a a 1706, ta farko mai buga Larabci da baƙaƙen Larabci a ƙasashen Larabawa. Na biyu, Dimitrie Cantemir, yariman Moldabiya da ya shafe shekaru masu yawa a Santambul, ya iya Turkanci da Larabci da Farisanci. Ya ƙirƙiro hanyar rubuta kiɗan Turkawa ya adana ɗaruruwan kaɗe-kaɗe, ya rubuta tarihin Daular Usmaniyya wanda Turawa suka daɗe suna dogara da shi, sannan ya rubuta bayanin ƙasarsa da al'adunta da Latin saboda masanan Berlin da suka nema. A wannan karon ɗan gida ne ya ba baƙi labarin gida.

SAUYA BAƘAƘE DA HAIHUWAR ADABI

Duk rubuce-rubucen Romaniyanci da muka ambata da baƙaƙen Sirilik aka yi su, dangin waɗanda Rashawa ke amfani da su. A ƙarshen ƙarni na 18 wasu malamai a Transilbaniya, Samuil Micu da Gheorghe Sincai da Petru Maior, suka ce harshen da ya fito daga Latin da baƙaƙen Latin ya kamata a rubuta shi. Micu da Sincai suka fitar da littafin nahawu a Biyana a 1780. An yi shekaru ana gwama baƙaƙen biyu a shafi ɗaya don ido ya saba, kafin hukuma ta tsayar da na Latin tsakanin 1860 da 1862, jim kaɗan bayan Walakiya da Moldabiya sun zaɓi shugaba ɗaya, Alexandru Ioan Cuza, a 1859. Mu da muka gaji ajami da boko mun san ribar irin wannan sauyi da hasararsa. Yau ɗan Romaniya mai digiri ba ya iya karanta littafin da kakansa ya buga kafin 1860 sai ya koyi tsofaffin baƙaƙen.

Wasu malaman sun zarce. Suka ce a fitar da duk kalmar Silab da ta Turkanci daga harshen, a maye gurbinsu da na Latin, har suka wallafa ƙamus a kan haka a shekarun 1870. Jama'a suka yi masa dariya suka ci gaba da maganarsu. Har yau in ɗan Romaniya zai ce i, da yake cewa, kalmar Silab.

Mai ziyarar da ke son adabi birnin Iasi zai nufa. A can a 1840 wani saurayi ɗan shekara 22, Mihail Kogalniceanu, ya kafa mujallar Dacia literara. A shafin buɗewa ya koka cewa fassara da kwaikwayon littattafan waje sun yi yawa, ya ce tarihin ƙasar da al'adunta sun isa su ba marubuci abin rubutawa. Fitowa uku mujallar ta yi aka rufe ta, amma kiran ya kama. Vasile Alecsandri ya shiga tattara waƙoƙin baka na ƙauye ya fara buga su. Cikinsu akwai Miorita, wadda ya fitar a 1850: labarin makiyayin da wata 'yar tunkiyarsa ta gaya masa abokan kiwonsa biyu na shirin kashe shi don dukiyarsa, shi kuma ya shiga yi mata wasiyyar inda za a binne shi, da yadda za a gaya wa mahaifiyarsa cewa aure ya yi. Daga baya an zargi Alecsandri da yi wa waƙoƙin kwaskwarima, masu bincike suka koma ƙauyuka suka tattaro ɗaruruwan nau'o'in waƙar kamar yadda suke a bakin masu ita.

A 1863 wasu matasa a Iasi suka kafa ƙungiyar marubuta mai suna Junimea, ƙarƙashin jagorancin Titu Maiorescu. Sukan taru a gidan ɗayansu, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yi masa suka ba sani ba sabo. A 1867 suka fara mujallar Convorbiri literare. Daga wannan zaure Mihai Eminescu ya fito, mawaƙin da ƙasar ta mayar da ranar haihuwarsa, 15 ga Janairu, ranar al'adu ta ƙasa. Shi ne kuma ya janyo abokinsa Ion Creanga, malamin firamare ɗan ƙauyen Humulesti, wanda ya iya ba da labari da baki. Creanga ya rubuta tatsuniyoyi da tarihin yarintarsa da karin harshen ƙauyensu, da karin maganarsu da zagin wasansu, bai sassauta don ya yi kama da na birni ba. Su biyun duk a 1889 suka rasu. Ɗan gidan Creanga mai ɗaki biyu yana nan a unguwar Ticau, tun 1918 ake ziyartarsa.

ABIN DA MASU GIDA SUKA YI NAUYIN BAKI A KAI

Kada mu ɗauka in ɗan gida ya karɓi alƙalami shi ke nan gaskiya ta fito. Shi ma yana da abin da yake tsallakewa. Al'ummar Roma, waɗanda Turawa ke kira Jipsi, sun yi zaman bauta a Walakiya da Moldabiya kusan shekara ɗari biyar. Wata takarda ta 1385 ta nuna sarki yana tabbatar wa wani gidan zuhudu mallakar iyalai 40 daga cikinsu. Sarakuna da manyan fada da gidajen zuhudu duk sun mallake su. Sai a 1855 da 1856 aka haramta bautar, kuma Kogalniceanu na cikin waɗanda suka yi fafutukar. An daɗe littattafan makaranta ba sa ba wannan babi muhimmanci.

A Iasi ɗin nan ta mawaƙa, a ƙarshen Yunin 1941, aka kashe Yahudawa sama da 13,000 cikin 'yan kwanaki, lokacin mulkin Ion Antonescu, abokin ƙawancen Hitila. Sai a 2004 gwamnati ta amshi rahoton wani kwamiti da ya tabbatar da hannun hukumomin ƙasar a kisan Yahudawa tsakanin 280,000 da 380,000. Shugaban kwamitin shi ne marubuci Elie Wiesel, haifaffen garin Sighet da ke arewa, wanda aka kwashe shi da iyalinsa zuwa Auschwitz a 1944 lokacin garin na hannun Hangari.

A Sighet ɗin akwai wani kurkuku da 'yan gurguzu suka tara tsofaffin ministoci da malamai da limaman coci bayan sun tilasta wa Sarki Mihai sauka a 1947. Masanin tarihi Gheorghe Bratianu a can ya mutu a 1953. Zamanin Nicolae Ceausescu, wanda ya riƙe ƙasar daga 1965 zuwa 1989, an yi dokar 1983 da ta ce duk mai tafireta sai ya yi mata rajista wurin 'yan sanda ya ba da samfurin baƙaƙenta, don in an tsinci takardar suka a gane injin da ya buga ta. A 1988 aka hana mawaƙiya Ana Blandiana wallafa komai saboda wata waƙar yara a kan wani muzuru mai girman kai, wanda jama'a suka gane da wa yake kama. Bayan juyin juya halin Disambar 1989, ita da mijinta Romulus Rusan suka fara aikin mayar da kurkukun Sighet gidan tunawa a 1993, suka yi ta naɗar muryoyin waɗanda suka tsira.

Katafaren ginin majalisa na Bukarest ma, mai ɗakuna sama da dubu, wanda baƙi ke layin ɗaukar hoto a gabansa, a kan tsofaffin unguwanni aka gina shi daga 1984, bayan an tashi dubban iyalai. Wasu majami'u sun tsira ne don injiniyoyi sun ɗora su a kan dogo sun gangara da su bayan dogayen benaye.

MAƘABARTAR SAPANTA

Zangonmu na ƙarshe ƙauye ne da bai fi tafiyar rabin awa daga Sighet ba, a yankin Maramures, inda ake gina majami'u da ƙofofin gida da katako zalla. Sunansa Sapanta. A 1935 wani masassaƙi mai suna Stan Ioan Patras ya fara wani abu a maƙabartar garin. In an yi rasuwa, sai ya sassaƙa allon kabari, ya shafe shi da shuɗi, ya zana mamacin yana aikin da aka san shi da shi: mai saƙa a gaban masaƙa, makiyayi da tumakinsa, mahauci da wuƙarsa. A ƙasa sai ya rubuta 'yan baitoci da karin harshen garin, kamar mamacin ne ke magana da bakinsa. Ba a ɓoye komai. Wanda giya ta kashe an faɗa, wanda mota ta take an zana motar, wanda ya sha wuyar surukarsa ya yi ƙorafi. Patras ya rasu a 1977 bayan ya tanadi nasa allon, almajirinsa Dumitru Pop ya ɗora. Yau alluna sun haura 800.

In aka karanta su a jere, tarihin ƙauye guda ne na kusan shekara casa'in: sana'o'insa, yaƙe-yaƙen da suka ci 'ya'yansa, cututtukansa, zuwan mota da tarakta. Patras bai yi karatu mai zurfi ba, kuma bai rubuta don baƙi ba. Ya rubuta ne don mutanen da suka san mamacin, waɗanda za su kama shi in ya yi ƙarya. Baƙin daga baya suka zo, yanzu daga ko'ina a duniya ake zuwa.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Tarihin Romaniya ya ƙara mana da cewa in mai ita ya yi shiru, wani zai rera ta, duniya kuma ta haddace tasa. Har gobe layin shiga Bran ya fi na gidan Creanga tsawo, kuma 'yan ƙasar da kansu ke sayar da kofunan Dirakula, don abinci ne. Amma da Neacsu da Coresi da Creanga da Patras ba su rubuta ba, da baƙon da ya gaji da fatalwa ya tambayi su wane ne mutanen nan, ba abin da za a miƙa masa.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya zaɓi wuri guda a garinsu da baƙo zai tsaya ya kalla, ko ƙofar gari ce ko marina ko tsohuwar kasuwa. Ya binciko wa ya fara rubuta labarin wurin da harshen da ya rubuta, sannan ya nemi dattijo guda ya ji ta bakinsa, ya rubuta mana shafi ɗaya a kan inda labaran biyu suka saɓa. Sai mun ji daga gare ku.